Garmar Dusar Ƙanƙara a Kan Jar Ƙasar Mando

Wanda ya san Mando daga cikin mota kaɗai, kwalta ya sani. Titin da ya taso daga Kawo ya ratsa shataletale ya nufi filin jirgin sama da Afaka, daga can ya miƙe zuwa Buruku da Birnin Gwari, titi ne na manyan ma'aikatu: ga Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ga makarantar horar da hafsoshin soja can gaba. Amma mafi yawanmu mazauna wurin ba a bakin kwalta muke kwana ba. Da zarar mutum ya karya kwana ya shiga layi, jar ƙasa ce za ta tarbe shi, kuma halinta biyu ne, da damina taɓo da zaizaya, da rani ƙura da gargada. Kaduna na samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba, kuma duk ɗigon da ya sauka a kan rufin kwano sai ya nemi inda zai gangara. A layinmu tsakiyar hanya yake bi. Kafin Oktoba ya kama, kwarin da ya haƙa ya kai gwiwar babban mutum, masu Keke sun ce iyakarsu bakin titi, kuma idan naƙuda ta tashi da tsakar dare sai an tallabi mace a ƙafa har inda mota ta iya tsayawa.

Maganin da muka saba da shi sananne ne. Mai unguwa ya tara magidanta bayan La'asar, a yi karo-karo, a sayo tifa biyu ko uku ta burji, matasa su fito ranar Asabar da shebur da baro su cike ramuka. Aikin gayya ne mai kyau, yana kuma ƙara zumunci, sai dai ruwan Agusta guda ya isa ya kwashe shi ya kai wa mutanen gangare. Ni ne ma'ajin wannan karo-karo, saboda haka a littafina ake ganin yadda kuɗinmu ke bin ruwa kowace shekara. Hayar gireda kuwa, idan aka haɗa da kuɗin ɗaukowa da na man gas da na direba, ta fi ƙarfin layi mai gida talatin da 'yan kai.

Abin da ya sauya lissafin bara shi ne haɗuwar wasu ƙarafa biyu da ba a ƙera su don juna ba. Na farko tarakta ce, Massey Ferguson 135, wadda kawuna ya saya a gwanjon wata gonar gwamnati tun ina firamare. An ƙera irinta daga 1964 zuwa tsakiyar shekarun 1970, a masana'antar kamfanin da ke Coventry ta Ingila da wasu wurare, da injin Perkins mai silinda uku da ƙarfin doki kimanin 45. Ta girmi shirin noma na gwamnatin Obasanjo na 1976 da na Shagari da ya biyo baya, ta ga zamanin da ake harhaɗa Steyr a Bauchi da Fiat a Kano, kuma har yau bugu ɗaya take tashi idan batir na da rai. Shekaru da dama tana noma gonar Kawu da ke kan hanyar Buruku. Daga watan Maris na 2021, lokacin da aka sace ɗalibai 39 a Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, iyalinsa suka hana shi zuwa gonar, taraktar ta koma zaman gida a ƙarƙashin dalbejiya, kaji na kwana a kanta.

Ƙarfe na biyu a Panteka Kawu ya gan shi, cikin tarin kayan da kwantena ta kawo tare da tsofaffin injuna. Allo ne na ƙarfe mai lanƙwasa, faɗinsa ƙafa bakwai da rabi, tsayinsa ya haura gwiwa, da ragowar fenti ruwan ɗorawa. A bayansa akwai manyan sifirin da ke riƙe da shi, da firam mai siffar murhu, da wasu takalma biyu masu kama da murfin tukunya. Mai kayan ya ce bakin gireda ne. Ba shi ba ne. Garmar share dusar ƙanƙara ce, irin wadda ake ɗaura wa a-kori-kura a arewacin Amurka da Kanada, tsatsar da ta ci gindinta kuwa ta gishirin da suke watsa wa titunansu ce don narkar da ƙanƙara.

A waɗancan ƙasashe manomi kan wayi gari ya tarar dusa ta toshe hanyar da ta haɗa gidansa da titi, kuma da yawansu suna ajiye tsohuwar tarakta, irin Ford 8N ta shekarun 1947 zuwa 1952, don wannan aiki kawai. Dangin taraktar Kawu ma ba baƙin sanyi ba ne. Da ƙananan taraktocin Ferguson guda uku Edmund Hillary ya isa tsakiyar ƙuryar kudancin duniya ranar 4 ga Janairu, 1958. To amma mu ba ƙanƙara ce damuwarmu ba. Tambayarmu ita ce ko abin da aka yi don ture dusa zai iya daidaita jar ƙasa, kuma idan zai iya, a ina za a ɗaura shi.

Duk wanda ya kalli allon nan, gaba yake kai shi. Haka aka ƙera shi, haka kuma katafila take, ita ce kuwa hoton aikin hanya a zukatanmu. Mai waldan unguwarmu, matashi mai hannu da saurin fahimta, har ya auna inda zai liƙa ƙarafa biyu a hancin taraktar. Kawu ya zagaya ta sau ɗaya, ya dafa kanta, ya ce, "Ɗana, idan bakin nan ya ci karo da dutse, wa zai sha bugun?"

"Ai ƙarfe ne, Baba. Zan sa mai kauri."

"Naka mai kauri ne. Nata fa?"

Ni da na san shigar kuɗi da fitarsu kaɗai, sai daga baya, da na zauna da shi da littafin taraktar wanda mai ya rine, na ga zurfin tambayar. Tarakta irin wannan ba ta da shasi. Mota tana da firam wanda aka ɗora inji da giyabos da jiki a kansa. A nan kuwa injin da gidan kuloci da giyabos da gidan aksul na baya su ne ƙashin bayan da kansu, an ɗaure su da juna da noti, kuma kowannensu ƙarfen zubi ne. Fordson ta 1917 ce ta yaɗa wannan tsari, ya rage nauyi da tsada. Ƙarfen zubi yana jure danniya ƙwarai, amma ba ya lanƙwasa. Idan bugu ya fi ƙarfinsa tsagewa yake yi kamar tukunyar ƙasa, kuma ba ya karɓar walda ta yau da kullum. Aksul ɗin gaba kuma a kan ƙusa guda ɗaya tal yake lilo, domin ƙafafun su riƙa bin tudu da kwarin gona ba tare da jikin ya murɗe ba, ga lagireto zaune daf da shi. Wanda ya liƙa garma a nan, duk dutsen da ya yi karo da shi, bugun zai bi ta ƙusar nan ya shiga jikin injin. Allon an same shi da kuɗin ƙarfen kilo. Jikin injin Perkins idan ya tsage, taraktar ta tashi aiki.

Akwai kuma maganar nauyi. Ƙafafun baya kaɗai ke tura wannan tarakta, kuma ƙarfin jan da za ta iya yi bai dogara ga ƙarfin inji kawai ba, ya dogara ga nauyin da ke danne tayoyin nan a ƙasa. Gaba ɗayanta tan ɗaya da rabi ce ko sama da haka kaɗan. Rataya ƙarfen da sai mutum huɗu suke ɗagawa a gaban hancinta tamkar ɗora kaya ne a hannu ɗaya na sikeli: baya zai yi sauƙi, tayoyi su riƙa juyawa a wuri ɗaya, sitiyarin da ba shi da taimakon famfo ya koma na 'yan dambe.

Manoman Amurka sun san wannan. Shi ya sa idan za su sa garma a gaban tsohuwar tarakta sukan shimfiɗa dogon firam a ƙarƙashin cikinta har zuwa aksul ɗin baya, domin turin ya sauka a inda ke da ƙarfin ɗaukarsa. Dabarar tana yi musu aiki saboda abin da suke turawa ba shi da nauyi. A ɗauki akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. Idan aka cika shi da sabuwar dusar ƙanƙara, nauyinta kimanin kilo 100 ne, domin mafi yawanta iska ce. Idan aka cika shi da jar ƙasa mai danshi, ana maganar kilo 1,800 ko kusa da haka. Allon nan an yi shi dogo ne domin ya tara rabin wannan akwati a gabansa ya riƙa nannaɗe shi gefe. Da dusa, wannan nauyin buhun siminti guda ne. Da ƙasarmu, buhu goma sha takwas ne, kafin a yi maganar ƙarfin da ake bukata don yanko ta daga inda ta daskare.

Sai muka koma bayan taraktar, inda mai ita na asali ya tanadi wurin ɗaura kaya. Harry Ferguson, ɗan manomi daga arewacin Ailan, ya ga yadda taraktocin farko ke kashe direbobinsu. A lokacin ana jan garma ne a baya kamar tirela. Idan ta maƙale a saiwa ko dutse, ƙafafun baya ba su da inda za su, sai taraktar ta ɗaga hanci ta kifa ta baya a kan mai tuƙi cikin ƙiftawar ido. Tsarin da ya yi wa rajista a 1926, wanda ya fito kasuwa sosai da Ford 9N a 1939, ya haɗa garma da tarakta a wuri uku: hannaye biyu a ƙasa masu ja, da sanda guda a sama. Idan ƙasa ta riƙe garmar, hannayen ƙasa na ja, sandar sama kuma tana turo jikin taraktar gaba, ta danne hancin maimakon ta bar shi ya tashi. Nauyin garmar da na ƙasar da take yanka kuma suna komawa kan tayoyin baya su ƙara musu riƙo. Da wannan dabara ce ƙaramar tarakta ke yin aikin da a da sai ƙatuwa. Kusan kowace tarakta da ake sayarwa yau, ta Indiya ko ta Sin ko ta Turai, da wannan maƙala mai wuri uku take zuwa. A ganina babu wani abu a jikin 135 da ya kai waɗannan hannaye daraja, kuma kuskuren da ya fi yawa wurin masu yi mata ƙari shi ne su tsallake su su nemi wani wuri.

Mayar da garmar baya ba juya ta kawai ba ne. An ƙera ta ne don a tura ta daga bayanta. Hanya mafi sauƙi ita ce a maƙala firam ɗinta a hannayen taraktar a riƙa aiki da ribas, kuma akwai masu yin haka da dusa. Kawu ya ƙi. Hannayen nan don ja aka yi su, idan aka tura kaya mai nauyi da su lanƙwashewa suke yi, ga ciwon wuya ga direba. Abin da mai walda ya ƙera a ƙarshe shi ne wani dogon wuya na ƙarfe mai kauri, wanda ya tashi daga maƙalar taraktar, ya haura saman allon, ya sauko ya kama shi ta baya a daidai inda yake juyawa. Yaran layi suka raɗa masa suna wuyan raƙumi. Ƙusoshin maƙalar ba a yi musu kintace ba, domin suna da ma'auni na duniya: ga taraktoci masu wannan girma, na ƙasa milimita 22, ta sama milimita 19. Allon, wanda kaurinsa bai fi na ƙofar shago mai kyau ba, aka ƙara masa haƙarƙari ta baya. Bakinsa da ya cinye aka cire, aka ɗaura tsohon bakin gireda na gaske da noti, domin idan ya cinye a sake juya shi.

Gardama mafi tsawo a kan sifirin ɗin nan aka yi ta. Aikinsu a ƙasar sanyi shi ne kariya. Direba ba ya ganin abin da dusa ta rufe, ko murfin rami ko gefen titi, saboda haka an yi allon yadda idan bakinsa ya bugi abu mai tauri zai kife gaba ya tsallake, sifirin su dawo da shi. A jar ƙasa kuwa komai mai tauri ne a wurinsu. A gwajin farko allon ya riƙa kifewa kowane taku biyar, kamar tsoho mai gyangyaɗi. Mai walda ya ce a kashe shi da walda a huta. Kawu ya ce wanda ya sa sifirin ɗin ba mahaukaci ba ne, kuma layinmu ma yana da abubuwan da ya binne: guntayen bulo, tushen bishiya, tsohon kankare. Suka tsaya a tsakiya. Aka huda firam ɗin aka zura ƙusa guda ta ƙarfe mai taushi, siririya, wadda ke riƙe allon a tsaye yayin aiki na yau da kullum, amma idan bugu ya yi tsanani ita ce za ta fara karyewa, allon ya kife, sifirin su karɓi sauran. Masu ƙera injunan noma sun daɗe da wannan dabara ta ajiye wuri guda mai rauni da gangan. Haɗarinta ɗaya ne, ranar da ƙusar ta karye wani mai hanzari ya maye gurbinta da mai ƙarfi don kada ta sake ɓata masa lokaci. Saboda haka Kawu ya sayi irinta cike da gwangwanin madara ya ɗaure a gefen kujera.

Saura matsala guda, wadda ita ce ta bambanta gireda da duk wani abin da ke kwaikwayonta. Tsawon gireda ba ado ba ne. Tsakanin ƙafafunta na gaba da na baya akwai kimanin mita shida, bakin kuma yana rataye a tsakiya, don haka idan ƙafar gaba ta hau tudu, rabin tashin kaɗai ke isa ga bakin. Tsakanin ƙafafun 135 bai kai mita biyu ba, bakin kuma a waje yake, can baya. Idan hancinta ya hau tudu bakin sai ya nutse, idan ya faɗa rami bakin sai ya tashi ya zubar da abin da ya ɗebo. Wato maimakon ta share gargada, sai ta sake rubuta ta a wani wurin. Maganin da aka yi shi ne ƙafa ta biyar. Aka samo tayar Peugeot 504 da gindinta, abin da ba ya wuya a garin da aka fara harhaɗa motar tun 1975, aka ɗaura ta a kan sanda kimanin mita ɗaya da rabi a bayan allon, yadda za a iya sauke ta ko a ɗage. Lokacin yanka, tayar na sama, sandar maƙala tana nan daram. Lokacin lallashi na ƙarshe, sai a sauke tayar, a musanya sandar sama da sarƙa, allon ya zama yana tsakanin tayoyin taraktar da tayar 504, kamar ƙaramar gireda.

Duk wannan shiri ne. Aikin kansa yana da lokaci, kuma lokacin gajere ne. Sunan da masana ke kiran irin ƙasarmu da shi daga kalmar Latin mai nufin tubali aka samo shi, wani likita ɗan Sikotlan, Francis Buchanan, ya raɗa mata shi a 1807 bayan ya ga mutanen kudancin Indiya na yanka ta da danshi su bar ta ta bushe su yi gini. Wanda ya taɓa sa diga a layin Mando cikin Janairu ya san sunan ya dace. Cikin Agusta kuma kunu ce. Tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hunturu, wato ƙarshen Oktoba, akwai 'yan makonni da ƙasar ke yankuwa kuma take kama jikinta idan an danne ta. Gwajin Kawu shi ne ya dunƙule ta a hannu: idan ta tsaya dunƙule ba ta jiƙa tafin ba, lokaci ya yi.

Abin da na fi ƙaruwa da shi a wannan aiki shi ne cewa ba a gyara hanyar ƙasa don ta yi sumul. Ana gyara ta ne don ta yi doro. Shekara da shekaru muna cike ramuka muna baje burji daidai wa daida, alhali hanyar da ta kwanta shimfiɗe ruwa ne ke zama a kanta, taya ta tausa wurin ya zama rami, ramuka su haɗu su zama kwari. Ƙa'idar injiniyoyi ga hanyar burji ita ce ta gangara daga tsakiya zuwa kowane gefe da santimita huɗu zuwa shida a kowace mita. Layinmu mita shida ne, don haka tsakiyarsa ya kamata ya ɗara gefensa da kimanin santimita 15, tsawon biro ke nan. Wani birkila a cikinmu ya kawo siririn tiyo mai ruwa irin wanda suke daidaita gini da shi, aka kafa turaku kowane taku goma, aka ja igiya. A hannun dama na maƙalar taraktar akwai wata 'yar mariƙa da ake murɗawa ta sauke gefe ɗaya na abin da aka ɗaura. Don daidaita garmar noma aka yi ta, amma ita ce ta ba mu doron. Aka karkata allon, aka sauke gefensa na waje, Kawu ya sa giya mafi ƙanƙanta, yana tafe kamar mai rakiyar amarya, yana yanko ƙasa daga gefe tana birgima zuwa tsakiya. Ba ya cizon da ya wuce faɗin yatsu biyu a kowane zagaye. Inda ƙasar ta yi tauri sai an fara bi da garmar faifai an farfasa ta. Bututan ruwan da gidaje suka binne sama-sama kuwa, tun kafin ranar aka tono su da hannu aka ƙara musu zurfi, kowane gida da nasa. Ba mu da rola, sai muka roƙi direban tifar da ya kawo burji ya yi ta kai-komo da kayansa a kai kafin ya juye.

Ba mu ne farkon masu wannan tunani ba. A farkon ƙarni na 20 wani manomi a jihar Missouri ta Amurka, D. Ward King, ya tsaga gungume biyu ya haɗa su, dawaki na jan su a karkace bayan kowane ruwa, kuma wannan abu mai arha ya gyara hanyoyin karkara masu yawa kafin kwalta ta isa gare su. A 1956, da ambaliyar kogunan Murray da Darling ta tasam ma garin Wentworth na Ostireliya, ƙananan taraktocin Ferguson ne suka yi ta tara ƙasa suna ɗaga ganuwa har garin ya tsira, mutanen kuma suka gina wa taraktar abin tunawa. A Zimbabuwe da Kenya an yi shekaru ana kula da hanyoyin karkara da ƙananan giredoji da tarakta ke ja. Mu a nan mun saba ɗaukar hanya a matsayin kwangila, abin da ake yi sau ɗaya da manyan injuna a yanka kyalle a tafi. Hanyar ƙasa ba ta san wannan ba. Shara take so a kai a kai, kamar tsakar gida, kuma injin da ke kwana a unguwa ya fi dacewa da wannan fiye da wanda sai an rubuta takarda an jira.

Sai dai doron da ya kori ruwa daga tsakiya, ƙofofin mutane yake kai shi. Nan ne ƙarfe ya gama nasa, magana ta koma hannun mai unguwa. Kusan kowane gida ya riga ya yi gangaren siminti daga ƙofarsa zuwa hanya don shigar mota, kuma kowane gangare datsi ne a kan magudanar da muke son buɗewa. Wasu suka yarda a fasa a sa bututu a ƙarƙashi, wasu sai da aka yi zama uku. Wadda ta fi kowa hujja ita ce dattijuwar da gidanta ke ƙarshen gangare, tsohuwar malamar makaranta, wadda ba ta zuwa taron maza amma ta aiko a kira ni da littafina.

"Ma'aji," ta ce, "da ruwan nan tsakiyar hanya yake bi ya wuce ni. Yanzu kun raba shi biyu, rabi zai zo jikin katangata. A cikin lissafin naku, nawa aka rubuta wa katangar?"

Na ce, "Hajiya, ba a rubuta ba tukuna."

"To koma ka rubuta, sannan ku tayar da injin."

Haka aka yi. Kuɗin da a da ke tafiya a tifa uku, bara tifa ɗaya aka saya, ragowar da ƙarin karo-karo na biyu suka tafi a zoben kwalbati da ginin lambatu daga kusurwar gidanta zuwa babbar magudanar da ke bakin titi. Wannan ɓangare ya fi garmar da waldanta da man gas tsada nesa ba kusa ba, kuma ya jinkirta aikin da kwana tara, har Kawu ya fara dunƙula ƙasa kowace safiya yana kallon sama.

Daminar bana ta zo ta wuce. Layin bai zama kwalta ba. Akwai wuri biyu da ya zaizaye, inda wani sabon gini ya zubar da yashi ya toshe gefe, kuma an sake bi da garmar sau biyu, a Mayu bayan ruwan farko da kuma makon jiya. Ƙusa bakwai ta karye a shekarar, babu abin da ya tsage. Keke na shiga har ƙarshen layi. Kayan gyaran injin ba su yi wuya ba, domin kamfanonin TAFE na Indiya da Millat na Pakistan sun ci gaba da ƙera taraktoci daga wannan zuriya, kuma da yawa daga kayansu suna shiga tsohuwar. Direba ne abin nema. Kawu ya haura saba'in, taraktar ba ta da ƙarfen kariya a saman kujera, aikin gefen lambatu kuwa yana son wanda ba ya gaggawa. Ya ɗauki ɗaya daga cikin yaran mai walda yana koya masa, amma har yanzu bai bar shi ya kusanci gangare shi kaɗai ba.

Layuka huɗu na maƙwabta sun aiko suna neman a zo musu. Sharaɗin Kawu shi ne su zuba man gas, su tono bututansu, su kuma zagaya da shi a ƙafa su nuna masa inda ruwan zai fita da wanda ke zaune a wurin. Biyu sun cika. Za a fara da na bayan masallaci ranar Asabar, idan ƙasar ba ta riga ta bushe ba.